Minti Hamsin Da Ke Tsare 'Ya'yanmu A Ƙofar Jami'a

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar WAEC ya fito a watan Agusta, akwai wani roƙon addu'a da yakan yawaita a majami'unmu na Birnin Kudu da Gwaram. Uwa za ta miƙe a taron addu'a na tsakiyar mako, ta ce 'yan'uwa su taya ta, ɗanta ya sami maki mai kyau a jarrabawar JAMB, ya ci Lissafi da sauran darussa, amma Turanci ya kayar da shi, saboda haka sai baɗi kuma. Mukan yi addu'ar, kuma daidai ne mu yi ta. Amma idan uwa ɗaya ta kawo roƙo ɗaya shekara biyu ko uku a jere, to, lokaci ya yi da dattawan ikkilisiya za su tambaya ko akwai wani aikin da Ubangiji ya bari a hannunmu wanda ba mu yi ba.

A ganinmu akwai shi. Yawancin yaran nan suna faɗuwa ne a wurin rubuta insha'i, wato dogon rubutun nan da ake ba ɗalibi ya tsara da kansa cikin ƙayyadadden lokaci. Kuma dalilin faɗuwar a bayyane yake: da yawansu ranar jarrabawa ita ce rana ta farko da suka taɓa zama suka rubuta shafi biyu na Turanci agogo yana tafiya a kansu.

Iyaye da yawa sun ɗauka JAMB ita kaɗai ce ƙofar jami'a. Gaskiya ne ba a shiga sai da ita, amma tun shekarar 2015 da aka mai da ita gaba ɗaya kan kwamfuta, tambayoyinta na zaɓi ne, yaro ya danna harafin amsar da yake gani daidai. Ba a rubuta jimla ko ɗaya a cikinta. Ƙofar tana da kwaɗo na biyu, shi ne kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, kuma dole Turanci ya kasance a ciki. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta sharaɗin Lissafi ga masu neman karanta darussan adabi da makamantansu, amma ba ta taɓa sharaɗin Turanci ba ga mai neman jami'a. Kiredit kuwa yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. Wanda ya sami D7 ko E8 ya haye a takarda, amma jami'a ba za ta dube shi ba.

Abin da ya ƙara sa maganar ta dame mu shi ne, yanzu makarantun sun matso kusa. Dā ɗan Gwaram ko Birnin Kudu sai ya nufi Jami'ar Bayero a Kano ko Ahmadu Bello a Zariya. Yau ga Jami'ar Tarayya a Dutse da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga makarantar koyon aikin jinya a cikin garin Birnin Kudu kansa, kusa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Garin nan kuwa ba baƙon ilimi ba ne. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye manyan mutane, har da Alhaji Aliko Ɗangote wanda ya gama a 1978. Ga ruwa kusa da gida, amma yaranmu suna tsaye a bakin rijiya babu guga. Mu masu bi ba mu da yawa a wannan yanki na Jigawa, kowa ya sani. Duk yarinyar da Turanci ya hana ta shiga makarantar jinya, duk saurayin da ya gaji da maimaita jarrabawa ya tafi Kano ko Abuja neman aikin ƙarfi, ikkilisiya ta yi hasarar malami ko ma'aikaciyar asibiti da za ta yi alfahari da su nan da shekara goma.

Bari mu faɗi yadda takardar take, domin iyaye da yawa ba su taɓa ganinta ba. Turancin WAEC kashi uku ne. Akwai tambayoyin zaɓi, akwai na furuci, sa'an nan akwai takarda ta biyu mai awa 2 da maki 100. A cikin wannan ta biyun ne insha'i yake da maki 50, auna fahimta maki 20, taƙaitawa maki 30. Ana ba ɗalibi tambayoyi biyar ya zaɓi ɗaya, ya rubuta kalmomi wajen 450, kuma an shawarce shi ya ba wannan sashe minti 50. Tambayar tana iya zama wasiƙa zuwa ga ɗan'uwa ko aboki, ko wasiƙa zuwa ga hukuma, ko maƙala don jarida, ko jawabin muhawara, ko rahoto, ko labarin da zai bayyana ma'anar wani karin magana.

Yadda masu dubawa suke raba maki hamsin ɗin nan ya kamata kowane yaro ya san shi kamar sunansa. Maki 10 na ƙumshiya ne, wato ko ya amsa abin da aka tambaye shi da hujjoji isassu. Maki 10 na tsari ne: buɗewa, sakin layi bi da bi, rufewa, da ƙa'idojin wasiƙa idan wasiƙa ce. Maki 20 na salon magana ne, yadda ya zaɓi kalmomi ya gina jimloli. Goman ƙarshe na tsabtar rubutu ne, kuma a nan ake yi wa yaranmu yankan ƙauna, domin kowane kuskure na nahawu ko harafi ko aya ana cire masa rabin maki. Kuskure 20 ya cinye goman nan ƙaƙaf. Yaron da ba ya sa babban baƙi a farkon jimla, ko yake rikita abin da ya wuce da abin da ke faruwa yanzu, ko yake musanya harafin f da p kamar yadda harshenmu yakan ja mu, zai iya yin kuskure ashirin kafin ya gama shafin farko.

Wanda ya fahimci wannan lissafi zai gane cewa manyan kalmomi ba su biya. Yaranmu sun taso suna jin cewa mai Turanci shi ne wanda yake fasa kalmar da ba wanda ya sani. Sai yaro ya ɗauko kalma mai gaɓa biyar wadda bai tabbatar da ma'anarta ba, ya rubuta ta ba daidai ba, ya sa ta inda ba wurinta ba, ya yi hasara sau biyu a kan kalma guda. Gajeriyar jimla mai tsabta ta fi doguwa mai ɗingishi maki. Wannan ma albishir ne ga ɗan ƙauye, domin ba a bukatar ya yi Turancin Ingila kafin ya sami C6.

To, ina minti hamsin ɗin suke tafiya? Mun zauna da matasa da dama da suka rubuta jarrabawar, kuma labarin kusan iri ɗaya ne. Minti goma na farko sun tafi wajen jujjuya tambayoyi biyar, a fara wannan, a soke, a koma waccan. Daga nan a shiga rubutu ba tare da an san inda za a ƙare ba. Sakin layi na farko yakan yi kyau, domin yaro ya zuba duk abin da ke kansa a ciki. A na biyu sai ruwa ya ƙare. Sai ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki, ya dawo ya maimaita abin da ya riga ya faɗa da wasu kalmomi, ya tsaya yana ƙirga kalmomi ɗaya-ɗaya da bakin biro don ya ga ko ya kai 450. Kafin ya farga an ci awa guda da kwata. Sauran minti arba'in da biyar su ne zai raba wa auna fahimta da taƙaitawa, waɗanda suke ɗauke da rabin makin takardar. Wato insha'in da bai yi kyau ba ya kuma jawo sauran sassan ƙasa tare da shi.

Alhali kuwa lissafin ba shi da ban tsoro. Idan yaro ya ba zaɓen tambaya da tsara hujjoji minti 8, ya ajiye minti 7 na ƙarshe don karanta abin da ya rubuta, yana da minti 35 na rubutu. Kalma 450 cikin minti 35 kusan kalma 13 ke nan a minti ɗaya. Yaron da yake sa kalma tara a layi yana bukatar layi 50, wajen shafi biyu. Idan ya san wannan tun daga gida, ba ya bukatar ƙirga kalma ko ɗaya a ɗakin jarrabawa, sai dai ya dubi inda ya kai a shafi. Amma ba a sanin wannan da ji. Hannu ne yake koyonsa, kamar yadda mai noma yake sanin yawan kunyar da zai iya kafin rana ta take.

Akwai hanyoyi biyu na gajarce wahala da suka shigo cikinmu, kuma dole mu faɗi gaskiya a kansu. Ta farko ita ce haddar insha'i. Wani malami zai rubuta wa yara wasiƙa ɗaya da labari ɗaya su haddace, da fatan tambayar za ta zo kusa da su. Idan ba ta zo ba, yaro ya tusa abin da ya haddace a ƙarƙashin tambayar da ba tata ba. Masu dubawa sun saba ganin wannan, kuma rubutun da bai amsa tambaya ba ba ya samun makin ƙumshiya komai kyan Turancinsa. Ta biyu ta fi muni, ita ce kai yaro cibiyoyin nan da ake biyan kuɗi a rubuta wa ɗalibai amsa a allo. Har sunan mu'ujiza ake laƙaba musu, kalmar da aka aro daga bakinmu aka shafa mata ƙazanta. Mun san akwai iyaye masu bi da suka sayar da akuya ko buhun gero suka kai 'ya'yansu can, sa'an nan suka zo sujadar godiya da sakamakon. Ba mu rubuta wannan don mu kunyata kowa ba, mun san matsin da ke kai mutum ga haka. Amma sata ce, kuma yaron da aka saya masa kiredit zai shiga aji ɗaya na jami'a ya tarar ana so ya rubuta amsa da hannunsa a kowace jarrabawa har shekara huɗu.

Abin da ke ba mu ƙarfin zuciya shi ne yaranmu ba su rasa abin faɗa ba. Ku saurari yarinyar da ta tashi ba da shaida a taron matasa. Za ta faɗi halin da take ciki dā, da abin da ya faru, da inda take yanzu, ba ta rikita su ba. Ku dubi saurayin da aka ba shi jagorar nazarin Littafi Mai Tsarki, yadda yake kawo batu na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da misalinsa. Wannan shi ne tsarin da WAEC take ba maki goma a kansa. Suna da shi da Hausa, ba wanda ya taɓa gaya musu abu ɗaya ne ake nema da Turanci. Ko wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Filimon, mai aya 25 kacal, ta isa darasin rubuta wasiƙa na yini guda: ga gaisuwa, ga yabon da ya share hanya, ga roƙo guda ɗaya tak a kan Onisimus, ga dalilan da suka tallafe shi, ga sallama. Bai kauce ya shiga wani zance ba. Yaron da ya ga wannan zai gane yadda ake rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma a kan lalacewar rijiyar burtsatse.

Wasu malaman Turanci za su ce muna koya wa yara tunani da Hausa, kuma shi ne yake kawo Turancin da aka fassara kalma da kalma. Suna da gaskiya a rabin maganar. Fassara jimla daga Hausa zuwa Turanci a cikin kai tana ɓata rubutu, tana kuma cin lokaci. Amma tsara hujjoji wani abu ne dabam. A lokacin koyo, bari yaro ya faɗa da baki, da Hausa, abubuwa uku da zai ce da yadda za su bi juna. Idan ya iya wannan, ya rubuta su a gajarce da Turanci a gefen takarda, kalma uku-uku, sa'an nan ya gina kowanne ya zama sakin layi da jimlolin da ya tabbata ya iya. Wanda bai san abin da zai ce da harshen uwarsa ba, ba zai same shi da harshen wani ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowace ikkilisiya a ƙananan hukumomin nan biyu, ko ta ECWA ce, ko Angilikan, ko Katolika, ko Baftis, daga cikin gari har su Sara da Basirka da Babaldu. A keɓe awa biyu kowace Asabar. Muna da benci, muna da allo na makarantar Lahadi, kuma kusan kowace majami'a tana da agogon bango, ko da mai wa'azi ba ya kallonsa. A rubuta tambaya daga tsofaffin takardun WAEC ko NECO, waɗanda ake sayarwa a littafi guda a kasuwa. A ce a fara. Idan minti 50 ya cika a ce a ajiye biro, kuma a ajiye ɗin da gaske, ko yaro yana tsakiyar jimla. Tausayin ƙara minti biyar shi ne zai cuce shi, domin mai tsaron jarrabawa ba zai ƙara masa ba. A makonnin farko da yawa ba za su wuce shafi ɗaya ba, wasu za su yi fushi. Kada wannan ya karya wa kowa gwiwa.

Awa ta biyu ta gyara ce, kuma ita ce mai wuyar. Rubutun da ba wanda ya duba, kuskure kawai yake ƙara kafawa. Muna da malaman makaranta a cikinmu, masu aiki da masu ritaya, muna da ma'aikatan asibiti, kuma kowace shekara ana turo mana matasa masu yi wa ƙasa hidima waɗanda suke sujada tare da mu, mu kuwa iyakar aikin da muke ba su shi ne kaɗa ganga. Mutum ɗaya zai iya duba takarda biyar ko shida. Shawararmu ga mai dubawa ita ce kada ya cika takarda da jan biro ya rubuta maki ya miƙa. Ya zagaye kuskuren, ya bar yaron ya nemo gyaran da kansa. Kowane yaro ya sami shafi a bayan littafinsa inda yake tara kurakuran da yake maimaitawa. Za a tarar ba su da yawa, iri biyar ne ko shida suke ta dawowa. Su ne zai nema a minti bakwai na ƙarshe ranar jarrabawa. Sa'an nan ya sake rubuta insha'in nan a gida, ya kawo Asabar mai zuwa.

Kada kuma a jira watan Afrilu. Daga Oktoba zuwa Afrilu akwai Asabar wajen 30. Ko an cire na girbi da na Kirsimati da na Ista da na bukukuwan aure, 20 za su rage. Yaron da ya rubuta insha'i ashirin a gaban agogo, kowane iri sau uku ko huɗu, ya riga ya san wanda ya fi iyawa, ba zai ɓata minti goma wajen zaɓe ba. Mafi kyau ma a fara da 'yan aji biyu na babbar sakandare.

Mun san za a ce ikkilisiya ba makaranta ba ce, aikin gwamnati ne. Ba mu sauke wa gwamnati nauyinta ba, kuma malamin da yake da ɗalibai cike da aji har bakin taga ba zai iya duba insha'in kowa kowane mako ba ko da ya so. Amma mu tuna ta inda iyayenmu suka koyi karatu. Ajin baftisma da ajin karatu na yamma ne suka fara sa wa da yawa daga cikinsu littafi a hannu, domin su karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala a 1932. Ikkilisiyar da ta koya wa kakanni baƙaƙe ba za ta ce koya wa jikoki sakin layi ya fi ƙarfinta ba. Za a kuma ce Asabar ranar gona ce da kasuwa. Gaskiya ne, kuma a nan muke roƙon iyaye maza su saki yaran awa biyu, Zumuntar Mata kuma ta dubi batun 'yan mata musamman, domin su ne ake tsarewa da wanki da daka da raino har lokacin ya wuce. Idan maƙwabtanmu Musulmi suna so 'ya'yansu su zo, a karɓe su da hannu biyu, a gaya wa iyayensu a fili cewa Turanci ne kawai, in ma ya fi sauƙi a nemi aron aji a makarantar firamare a yi a can.

A jarrabawar 2025 an ga abin da ba a saba gani ba. A watan Mayu takardar Turanci ta makara a wurare da yawa, har ɗalibai suka yi rubutu da dare da hasken tocila, hukumar WAEC kuma ta ba da haƙuri. Da sakamako ya fito, da farko an ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, daga baya hukumar ta gano kuskure a nata lissafin ta gyara zuwa kashi 62.96. Ko bayan gyaran, fiye da ɗalibi ɗaya cikin uku bai tsallake ba. Irin waɗannan abubuwa ba su hannunmu, haka ma maganar mai da jarrabawar kan kwamfuta, wadda WAEC ta fara gwadawa da masu zaman kansu a 2024, inda tambaya take fitowa a allon kwamfuta amma insha'i da biro aka rubuta shi. Ko da biro ko da maɓallin kwamfuta, minti hamsin ɗin suna nan, kuma yaron da ya saba da su zai fi jure makara da duhu da gajiya.

Muna roƙon fastoci da dattawa su sa wannan magana a taron majalisarsu na wata mai zuwa, a naɗa mutum guda da zai riƙe ta, a cire kuɗin littafin tsofaffin tambayoyi da takardu daga baikon matasa. Idan ana neman tambayar Asabar ta farko, ga ɗaya: kowane yaro ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarsa wasiƙa a kan matsala guda da ke damun ƙauyensu, da hanyoyi biyu na magance ta. Ikkilisiyar da ta fara, ta rubuto wa wannan shafi yadda abin ya kasance, har da inda ya ƙi, domin sauran su koya.